Keken Rubutu A Cikin Aljihu



An nemi in yi magana a kan wani ɗan abu wanda girmansa in an ninke shi bai wuce na littafin aljihu ba, watau allon madannai mai ninkewa, wanda 'yan kasuwa ke kira kibod, da yadda ake haɗa shi da babbar waya ba tare da igiya ba. Na san akwai waɗanda za su ce wannan ai zancen 'yan kanti ne, bai kai a tara masu ilmi a kansa ba. Ina roƙonsu su yi mini haƙuri. Abin da ke gabanmu shi ne tambayar wane ne ke da ikon yin dogon rubutu a ƙasarmu, da wace na'ura, kuma da waɗanne haruffa.

Funtuwa gari ne da ya daɗe da sanin takarda. Layin dogon da ya tashi daga Zariya zuwa Ƙaura Namoda, wanda aka kammala a 1929, ya ratsa ta nan, auduga kuwa ita ta jawo injin gurza da ma'auna da akawuna. A 1975 aka fara babban shirin nan na bunƙasa aikin gona na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, tare da takwarorinsa na Gusau da Gombe, aka cika ƙauyuka da malaman gona masu kai rahoto. A ƙarshen shekarun 1970 masaƙa ta zo. Duk waɗannan ayyuka da takarda suke tafiya, takardar kuwa ba ta da daraja a idon hukuma sai an buga ta da tafireta. Saboda haka mai buga tafireta ya zama mutum mai muƙami. Malamin gona zai rubuta rahotonsa da hannu ya kai masa, ya jira. Talaka mai koke zai je bakin kotu ko gidan waya ya biya a buga masa. Mai magana daban, mai na'ura daban, kuma sau da yawa abin da ya fito daga na'urar ba shi ne daidai abin da mai maganar ya nufa ba.

Da kwamfuta ta zo, sai shagunan buga takardu suka gaji wannan muƙami, amma tsarin bai sake ba. Har yau ɗalibin da ya kai shekarar ƙarshe yakan rubuta kundinsa na shafi sittin ko tamanin da biro, ya kai shago, a caje shi a kan kowane shafi. Malami ya duba babi na biyu ya ce a sake, ya koma shago ya sake biya. Mai bugun bai san fannin ba, sai ya mai da sunan tsiro ko na marubuci yadda ya ga dama. Wanda iyayensa ke da hali ya sayi kwamfutar cinya ya huta. Ɗan manomi daga Bakori ko Ɗanja ko Ƙafur, wanda kuɗin makarantarsa ke jiran a sayar da masara, ba ya cikin wannan lissafi, balle tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kayan waje suka yi tashin gwauron zabo.

Alhali kuwa wannan ɗalibi yana ɗauke da kwamfuta a aljihunsa. Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a watan Agusta na 2001, ta yi ta girma har ta zama abin da muke riƙe da shi yau. Tecno ko Itel ko Infinix ɗin da ke hannun yawancinmu ta fi kwamfutocin ofisoshin shekarun 1990 ƙarfi nesa ba kusa ba. Tana ɗaukar manhajojin rubutu irin su WPS Office da Google Docs da Microsoft Word. Abin da ta rasa shi ne wurin da yatsu goma za su zauna.

Wani zai ce ai muna rubutu da babban yatsa, kuma da sauri. Gaskiya ne, har ma akwai 'yan'uwanmu mata marubuta da ke kammala littafin ƙagaggen labari sukutum a kan fuskar waya su rarraba shi ta WhatsApp, abin a jinjina musu ne ƙwarai. Masana ma sun auna abin. A wani bincike da jami'o'in Aalto da Kambirij da ETH ta Zurik suka fitar a 2019, wanda mutum wajen 37,000 suka shiga, an sami matsakaicin saurin bugu a waya kimanin kalma 36 a minti guda. Wani binciken na 2018 a kan mutum 168,000 masu amfani da allon kwamfuta ya sami kalma 52. Da Turanci aka yi gwajin, inda waya ke taimakon mai bugu da cikon kalma, taimakon da Hausa ba ta samu kamar haka. Duk da haka ratar ba ta kai yadda ake zato ba, kuma ni a ganina sauri ba shi ne babban al'amari ba.

Babban al'amari shi ne abin da ido ke gani. Idan madannan cikin waya suka fito, sukan cinye kusan rabin fuskarta, sai ya rage maka layi biyar ko shida. Mai rubuta saƙon gaisuwa wannan ya ishe shi. Mai gina hujja kuwa tilas ya riƙa waiwayen abin da ya faɗa a sama, ya ga inda jimla ta karkace, ya ɗauke sakin layi daga nan ya kai can. Wanda ya taɓa ƙoƙarin zaɓar jimla uku da yatsa a kan gilashi don ya matsar da su ya san irin wahalar. To, ɗan Adam kuwa in gyara ya yi masa wuya sai ya bar gyaran. Shi ya sa rubutun da aka yi da babban yatsa yakan fito guntu-guntu, tunani ɗaya bai riƙe na gaba da shi ba, kuma malamanmu da ke zaune a nan sun fi ni sanin yadda wannan ya shiga takardun da muke miƙa musu. Da zarar ka haɗa allo na waje, madannan cikin waya sai su ɓuya, fuskar ta koma takarda gaba ɗaya. Ka sami kibiyoyin hawa da sauka, ka sami Ctrl da C na kwafa, da Ctrl da V na liƙawa, da Ctrl da Z na warware abin da ka ɓata.

Shi wannan allo ba sabon abu ba ne. Tun 1999 wani kamfani a Amurka mai suna Think Outside ya fitar da irinsa, mai suna Stowaway, domin ƙananan na'urorin aljihu na wancan zamani. Na yanzu wani gida biyu yake ninkewa kamar littafi, wani gida uku, wani ma yana da ɗan fili a gefe inda ake jan yatsa don motsa kibiya. Yana magana da waya ta Bluetooth, wata hanyar rediyo mai gajeren zango, kimanin mita goma, wadda aka faro a kamfanin Ericsson na ƙasar Suwidin a 1994, aka kuma raɗa mata laƙabin wani sarkin Denmak na ƙarni na goma. Haɗawar ba ta da wuya. Ka buɗe allon ka kunna shi, ka danna madannin neman abokin haɗi har 'yar fitilarsa ta fara ƙyaftawa, ka kunna Bluetooth a waya, ka taɓa sunan allon in ya bayyana. Wani lokaci waya za ta nuna lambobi ta ce ka buga su a allon. Sau ɗaya ake yin wannan, daga nan in ka buɗe shi da kansa zai nemo wayar.

A nan akwai abin da ya kamata mu mutanen kudancin Katsina mu lura da shi fiye da kowa. Mutane da yawa suna zaton duk abin da ba shi da igiya sai da sabis ko da data yake aiki. Ba haka ba ne. Tsakanin allon da wayar ne kurum maganar take, babu ruwanta da dogon ƙarfen kamfanin sadarwa. Kowa a nan yana tune da watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi goma sha uku na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da Funtuwa da Malumfashi da Bakori, aka yi watanni sai mutum ya yi tafiya kafin ya aika saƙo. Ko a irin wannan hali mai allo da waya zai iya zama a zauren gidansu ya rubuta babinsa cikakke, in ya sami sabis ya aika. Haka kuma batun wuta. Kwamfutar cinya, musamman ta hannu wadda batirinta ya tsufa, awa biyu ko uku take yi ta mutu, kuma ba kowane mai cajin waya a kasuwa zai karɓe ta ba. Waya kuwa ɗan faifan hasken rana ya ishe ta, shi allon ma cajinsa guda yakan kai makonni, domin abin da yake ci kaɗan ne.

Kada a ce na zo talla. Abin yana da aibobinsa, kuma gara mutum ya san su kafin ya fitar da kuɗinsa. Raunin duk abin da ke ninkewa yana wurin gaɓarsa, nan ne siraran wayoyin ciki ke karyewa, sai ka ga rabin allon yana bugu rabi ya yi shiru. Domin a sami wurin ninkewa, masu ƙera shi sukan rage girman wasu madannai ko su raba dogon madannin tazara gida biyu, sai hannun da ya saba da babban allo ya riƙa tuntuɓe kwana biyu. Ba ya zama a kan cinya, sai a kan tebur ko benci ko wani abu mai tauri. Ƙurar hunturu abokiyar gabarsa ce, wajibi ne a riƙa ninke shi a sa cikin jaka in an gama. Fuskar waya kuma ƙarama ce, in ba ka jingine ta daidai da ido ka ƙara girman rubutun ba, wuya da idanu za su biya bashin. Ga jabu ya cika kasuwa, saboda haka kada ka saya sai ka haɗa shi da wayarka a gaban mai kanti ka buga kowane harafi ka gani. Sa'an nan ɗalibin injiniya ko na ƙididdiga da ke bukatar manyan manhajoji na zane da lissafi, wannan ba zai raba shi da ɗakin kwamfuta ba. Maganata a kan rubutu ce.

Wanda kuɗinsa bai kai ba, akwai hanyar da ta fi araha. Tsohon allon kwamfuta mai igiya, irin wanda ake zubarwa a ofisoshi, in ka sami ɗan mahaɗin da ake kira OTG ka soka shi a ramin cajin waya, yawancin wayoyi za su karɓe shi nan take. Ba ya shiga aljihu, kuma yana shan batirin waya, amma madannansa cikakku ne, ya ma fi daɗin koyo.

Yanzu na zo kan abin da ya fi damuna, shi ne kuma dalilin da ya sa na karɓi wannan lacca. Duk allon da za ka saya a kasuwa, na Funtuwa ne ko na Kano, jerin haruffansa na Turanci ne. Wannan jeri da ke farawa da Q, W, E, R, T, Y gadon wani Ba'amurke ne mai suna Christopher Sholes, wanda ya yi rajistar keken rubutunsa a 1868, kamfanin Remington kuma ya fara sayar da shi a 1874. An ba Q da X wuri, haruffan da Hausa ba ta bukata, amma babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ.

Waɗannan haruffa masu ƙugiya ba ado ba ne. Kafin a tsai da su an gwada ɗigo a ƙarƙashin harafi, an gwada waƙafi a gefensa, sai a cikin shekarun 1930, zamanin da Dokta Rupert East ke shugabantar Hukumar Talifi a Zariya, aka zauna a kan masu ƙugiya. Da su jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a Janairun 1939 da Malam Abubakar Imam a matsayin edita, ta koya wa kakanninmu karatu. Tun daga lokacin ake fama da na'ura. Masu tafireta na da sukan buga b da d da k, sa'an nan su bi da biro suna lanƙwasa kawunansu ɗaya bayan ɗaya. A shekarun 1980 Cibiyar Harsuna ta Ƙasa ta tsara jerin haruffa 33 domin a sami keken rubutu guda da zai ɗauki manyan harsunan Nijeriya, amma kafin abin ya bazu kwamfuta ta ture tafireta. Tun farkon shekarun 1990 tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi na duniya lambarsa, ya shigar da ɓ da ɗ da ƙ, har da ƴ wadda 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa a inda mu muke sa 'y. Watau yau babu wata waya ta zamani da ta kasa nuna su. Uzurin da ya rage mana shi ne ƙyuya.

Ku duba abin da ƙyuyar ke jawowa. Malamin gona ya rubuta wa manoma cewa a kara taki, shin a ƙara taki yake nufi ko zancen karan dawa yake yi? Baƙi da baki, faɗa da fada, ƙasa da kasa, ɓari da bari. Auduga ma, wadda ta gina garin nan, a wasu sassan ƙasar Hausa kaɗa ake ce mata, in ka cire ƙugiyar sai ka tarar kana cinikin kada na cikin ruwa. Bahaushe zai gane daga ma'anar zance, na yarda. Amma yaro ɗan firamare da ke koyon karatu ba zai gane ba, baƙon da ke koyon harshen ba zai gane ba, na'urorin fassara da ke koyon Hausa daga abin da muke zubawa a intanet kuwa kuskurenmu za su haddace su dawo mana da shi.

Ga inda allon waje ke da haɗari. A madannan cikin waya irin su Gboard, in ka zaɓi Hausa, danna k ka riƙe kaɗan ya isa ƙ ta fito. Da ka haɗa allon waje wannan sauƙi ya tafi, domin a yawancin wayoyi babu Hausa a jerin harsunan allon waje. Sai ya zama na'urar da ta zo taimakon dogon rubutu ita ce za ta ƙara kashe ƙugiya, in ba a yi hattara ba.

Maganin yana nan. Akwai manhaja ta kyauta mai suna Keyman, ta ƙungiyar SIL masu aikin harsuna, wadda ke da tsarin Hausa kuma take aiki da allon waje a wayoyin Android. Akwai kuma wurin da za ka umarci waya ta bar madannanta a buɗe ko da an haɗa allo, sai dai wannan ya mai da kai gidan jiya wajen cinye fuska. Dabarar da na fi so ba ta bukatar komai. Yayin da kake bugu, duk inda ƙ ta zo ka buga k da waƙafin sama a bayanta, haka ɗ, haka ɓ. A daidaitacciyar Hausa waƙafin sama ba ya bin waɗannan haruffa uku, saboda haka ba za su rikice da kalmomi irin su sa'a ko 'ya'ya ba. In ka gama, sai ka buɗe wurin nema da musanyawa a manhajar rubutu, ka ce duk k mai waƙafi ta koma ƙ. Sau shida za ka yi, uku na ƙananan haruffa, uku na manya, tare da kunna zaɓin bambanta babba da ƙarami don kada Ƙ ta farkon jimla ta ƙanƙance. Minti biyu ya isa kundi guda. Kafin ka kai shago a fitar maka a takarda, ka mai da shi PDF, domin wasu tsofaffin kwamfutoci in ba su da salon rubutun da ka yi amfani da shi sukan mai da masu ƙugiya 'yan akwatuna.

Sayen allo kuma bai sa mutum ya iya bugu. Wanda zai riƙa farautar harafi da yatsa biyu gara ya zauna a kan gilashinsa. Ku shafa madannin F da na J, za ku ji ɗan tudu a kan kowannensu. An sa shi ne domin manunin hagu da na dama su san mazauninsu ba tare da ido ya duba ba, sauran yatsu su jeru a gefensu. Minti ashirin kullum na 'yan makonni yakan zaunar da hannu. Wannan ya shafi ƙannenmu ma fiye da mu. Tun 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta, amma har yanzu akwai yaran ƙauyukanmu da ranar jarrabawa ce ranar farko da suke ɗora hannu a kan allo, tsoron na'urar ya cinye musu mintocin da ya kamata su ba tambayoyi.

Ga yayyenmu ma'aikata, malamin gona ko na asibiti ko na makaranta da aka tura Dandume ko Faskari zai iya buga rahotonsa a inda yake, ya daina jiran ranar da zai shigo hedkwata. Sai dai a kiyaye abu biyu. Takardar gwamnati mai sirri ba ta dace da wayar da yara ke wasa da ita da yamma ba, a sa mata makulli. Kuma waya abar sata ce, abar faɗawa ruwa ce. Duk wanda ya ajiye aikin wata shida a cikinta kaɗai, ba tare da kwafi a katin ajiya ko a akwatin imel ɗinsa ba, ya ɗora ƙwai a kan dutse.

Malam Shugaba, ina da shawara ga wannan ƙungiya tamu. Kuɗin da muke kashewa a kan lemo da hayar kujeru a bikin shekara guda zai sayi alluna da yawa, masu ninkewa da masu igiya. A saya, a damƙa wa sakatare, a buɗe littafin aro, ɗaliban shekarar ƙarshe su riƙa karɓa na mako biyu-biyu suna sa hannu. In dogon hutu ya zo, mu da ke komawa gida mu nemi aron aji guda a Funtuwa da guda a Malumfashi, mu koya wa 'yan aji shida na sakandare bugu da yatsa goma, da Hausa da Turanci, kowa da wayar gidansu. Na zo da allo biyu da mahaɗin OTG guda, suna kan teburin nan. Duk mai son gwadawa ya matso da wayarsa bayan an tashi, in nuna masa yadda ake fitar da ƙ.